Samanja da Hausar Bariki

Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, Allah Ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna. Kaɗan ne suka san shi da wannan suna. Samanja Mazan Fama, shi ne sunan da ya bi shi har kabari.

Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, an haife shi a 1942. Ya yi aikin gidan rediyo a Kaduna, ya sa kakin soja a zamanin Yaƙin Basasar Nijeriya, wanda aka gwabza daga 1967 zuwa 1970. Da ƙura ta lafa, sai ga sojoji sun cika gari, farar hula na kallonsu da tsoro. Abin da aka ɗauka shi ne soja ba ya jin magana, ba ya biyan bashi, bariki kuwa matattarar shashanci ce, har kalmar "ɗan bariki" ta zama zagi. A cikin wannan yanayi wasan Samanja ya fito a talabijin ɗin Kaduna a shekarun 1970, daga baya tashar NTA ta kai shi ko'ina a ƙasar.

Dabararsa ita ce bai tsaya yin wa'azi ba. Ya buɗe ƙofar bariki ne kawai, aka leƙa. Ga mutumin da ke daka wa kurata tsawa a filin fareti, ya koma gida rigimar iyali ta sha kansa, yana gumi, yana kame-kame. Mai kallo ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya tashi da sanin cewa a ƙarƙashin kakin nan akwai magidanci irinsa, mai lissafin cefane. Su ma sojojin an yi musu hannunka mai sanda a kan cin zali, ta bakin wanda ya san sirrin gidansu, don haka ba su da ta cewa.

Mu a Zangon Tamale, harshen wasan ne ya fi taɓa mu. Samanja na gwamutsa Hausa da Turancin bariki, wato abin da ake kira Barikanci. Wannan harshe ba baƙo ba ne a nan. Hausawan Kyaftin Glover sun shiga yaƙin Asante na 1874, a 1879 aka kafa rundunar Gold Coast da Hausawa a sahun gaba, Hausa ta zama harshen bariki ga Dagomba da Frafra da Mosi da suka sa kaki. Tamale, wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1907, ta gaji wannan, barikin Kamina kuma na nan har gobe.

Shi ya sa idan baƙo daga Kano ya ji mun ce "yarinya ya zo" ya murmusa, yana zaton lalacewa ce ta jiya-jiya, mukan ga bai san tarihi ba. Hausar da ta bi fataken goro zuwa Salaga, ta kwana a bariki, ta zauna a bakin ƙabilu da dama, dole ta sauke wasu kaya a hanya, bambancin namiji da mace na daga cikinsu. Samanja kansa ba Bahaushe ba ne, amma da irin wannan Hausa ya riƙe Kano da Katsina a gaban akwatin talabijin shekara da shekaru.