Siman Mai Ginshiƙi da Hukuncin Gibbon

Tun da Edward Gibbon ya yanke hukunci a babi na 37 na tarihinsa kan rushewar daular Rum (1781), masu karatu da yawa ke kallon Siman mai ginshiƙi a matsayin misalin tsattsauran zuhudu da ya bushe zuciya. Hujjar Gibbon ita ce wanda ya saba azabtar da jikinsa da wuya ya ji tausayin wani. Ina ganin wannan hukunci bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Tarihin sananne ne: ɗan makiyayi da aka haifa wajen 390, aka sallame shi daga gidan zuhudu na Teleda saboda tsananinsa ya fi ƙarfin 'yan'uwansa, ya koma Telanissos kusa da Halab (Theodoret, marubucin tarihinsa, babi na 26), ya yi zamansa a kan ginshiƙi har ya rasu a 459.

A yi wa Gibbon adalci, bai ƙirƙiri komai ba. Siman ya taɓa ɗaure igiyar dabino a ƙugunsa har ta ci nama. Yakan yi azumin kwana 40 ba ci ba sha. Wani abokin tafiyar Theodoret ya tsaya yana ƙirga sunkuyonsa, da ya kai 1,244 ya gaji ya bari. Duk wanda ya karanta wannan dole jikinsa ya yi sanyi. Inda Gibbon ya zame shi ne ya ɗauki rabin yinin mutumin ya ce shi ke nan yinin. Theodoret, wanda ya gan shi ido da ido kuma ya yi rubutu tun Siman yana raye, ya ce bayan sa'a ta tara, wato wajen ƙarfe uku na rana, Siman yakan juyo ga jama'a, ya yi wa'azi, ya saurari koke, ya raba gardama. Tarihinsa da aka rubuta da Suryananci ya nuna shi yana matsa wa masu ba da bashi su rage kuɗin ruwa. Mai busasshiyar zuciya me ya haɗa shi da bashin manomi?

Mai bin Gibbon zai ce ai hawa sama guje wa mutane ne. Da gaskiyarsa ta wani ɓangare, domin Theodoret da kansa ya ce masu neman tabarruki da taɓa rigarsa ta fata ne suka ishe shi, shi ya sa ya hau ginshiƙi, ya fara da mai kamu 6, ya je 12, ya je 22, har 36. Sai dai wanda ke son ɓuya hamada yake shiga. Shi kuwa ya tsaya inda kowa ke ganinsa, rana da ruwan sama, ba ƙofar da zai rufe. Larabawan jeji sukan zo da ɗaruruwansu. Theodoret ya ba da labarin yadda suka kusa murƙushe shi, shi Theodoret ɗin, da Siman ya ce su nemi albarkarsa, wasu na jan gemunsa, wasu na jan rigarsa.

A nan dole in rage da'awata. Tarihinsa uku da muke da su duka masoyansa ne suka rubuta, kuma ba wanda ya leƙa zuciyarsa. Haka nan tausayin nasa yana da iyaka: wasiƙar da ya aika wa Sarki Theodosius na biyu don hana a mayar wa Yahudawa majami'unsu ba abin da zan kare ba ne. Abin da shaida ke ɗauka kawai shi ne tsananin bai raba shi da al'amuran mutane ba. Masanin tarihi Peter Brown (1971) ma ya nuna cewa saboda ba shi da gona, ba dangi, ba ya cin abincin kowa, shi ya sa ƙauyawan Sham suka yarda ya shiga tsakaninsu. Da ya rasu, sai da rakiyar sojoji aka kai gawarsa Antakiya, don gudun kada mutanen yankin su ƙwace ta.