Tarihin Sha'iran Baka na Amurka da Hawansu Dandamali

Duk wanda ya yi nufin bin diddigin sana'ar sha'iran nan na Amurka waɗanda ba su dogara ga takarda ba, sai dai su haddace waƙarsu su miƙe gaban jama'a su furta ta da harshe da gaɓoɓi, wajibi ne ya fara daga zamanin da baƙaƙen fatar ƙasar suke gwagwarmayar neman haƙƙinsu, domin a cikin wannan ƙunci aka haifi sana'ar, kuma har yau alamarsa ba ta rabu da ita ba. Ran 19 ga Mayu 1968, ranar tunawa da haihuwar Malcolm X, makonni kaɗan bayan kisan Martin Luther King, waɗansu samari suka tsaya a wani fili na unguwar Harlem a birnin New York suka jero baitoci masu zafi; su ne suka shahara da sunan The Last Poets. A 1976 kuwa, Ntozake Shange ta kai ƙasidu ashirin gidajen wasan Broadway, mata bakwai suna furta su suna rawa, ta tabbatar wa masu shakka cewa waƙa kaɗai tana iya riƙe 'yan kallo tun daga farkon wasa har ƙarshensa.

Wannan ita ce jijiya ta farko ta sana'ar. Jijiya ta biyu daga unguwar Bronx ta New York ta tsiro, a lokacin da babbar hanyar mota da aka ratsa ta tsakiyarta ta tarwatsa maƙwabta, gobara ta yawaita, hukumar birni kuma ta doshi fatara. Ran 11 ga Agusta 1973, a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, wani saurayi haifaffen Jamaika da ake wa laƙabi da Kool Herc ya yi kiɗa a wani taron matasa, kuma daga wannan dare ake lissafin tarihin hip-hop. Hikimarsa ita ce ya ajiye faifai biyu iri ɗaya a kan na'urori biyu, yana maimaita gaɓar nan da ganga take saura ita kaɗai, don masu rawa su sami sarari. Mai riƙe da makirfo kuwa, da farko aikinsa bai wuce na sanƙira a wurin biki ba, wato ambaton mahalarta da zuga masu rawa, amma sannu a hankali ya shiga tsara magana da ƙafiya da kari, har ya zama shi ne uban taro.

Ta uku ita ce musabaƙar waƙa da wani ma'aikacin gini mai suna Marc Smith ya ƙaga a Chicago, wadda ta sami mazauni a wani gidan shaƙatawa mai suna Green Mill a 1986, sa'an nan ta bunƙasa a Nuyorican Poets Cafe na New York. Sharuɗɗanta masu tsanani ne: minti uku ga kowane sha'iri, ba kiɗa, ba tufafin wasa, ba kayan aiki, alƙalai biyar kuma daga cikin 'yan kallo ake tsamo su, kowannensu ya ba da maki daga sifiri zuwa goma. Wannan makaranta ta koya wa ɗalibanta balaga da ƙarfin zuciya, ta hana su ɓuya a bayan kalmomi masu duhu. Sai dai kuma ta yi musu iyaka, domin minti uku sun isa a girgiza majalisi, alhali ba su isa a ba da labarin rayuwar ɗan Adam da dukkan karkacewarta ba. Wannan ƙunci na lokaci shi ne babban sababin da ya tura haziƙansu ƙofar gidan wasan kwaikwayo.

Babu wanda tafiyarsa ta fi bayyana wannan hijira kamar Marc Bamuthi Joseph, wanda aka haifa a New York a 1975 ga iyaye 'yan asalin Haiti. Tun yana yaro ya shiga Broadway a matsayin madadin ɗan rawa Savion Glover a wasan The Tap Dance Kid, saboda haka ƙafarsa ta riga harshensa sanin kari; ya yi karatu a kwalejin Morehouse ta Atlanta, ya koma yankin San Francisco, kuma a 1999 yana cikin ayarin birnin da ya yi nasara a musabaƙar ƙasa baki ɗaya. A 2003 ya fito da Word Becomes Flesh, jerin wasiƙu ne daga uba zuwa ga ɗansa da ke ciki, wata bayan wata har tara, inda ya furta tsoron da ke zuciyar saurayi baƙar fata da ɗawainiyar uba ta riska, a cikin al'ummar da ta riga ta yanke masa hukuncin cewa gudu zai yi. Abin da ya bambanta aikin shi ne cewa rawa a cikinsa magana ce cikakkiya, ta yadda idan harshe ya gaza sai gwiwa da kafaɗa su ƙarasa baitin.

Daga nan fagensa ya yi ta faɗaɗa. A 2008 ya yi wasan the break/s tare da mai juya faifai da makaɗi, yana tambayar yadda kiɗan Bronx ya zama hajar duniya. A 2011 ya waiwayi muhalli a unguwannin talakawa na Oakland da Houston da Chicago da Harlem. A 2017 kuma ya rubuta baitocin opera mai suna We Shall Not Be Moved, wadda ta taɓo musibar 1985, lokacin da 'yan sandan Philadelphia suka jefa bam kan gidan ƙungiyar MOVE, mutum goma sha ɗaya suka halaka, biyar daga cikinsu yara. Duk tsawon wannan lokaci bai bar koyarwa ba, domin yana cikin waɗanda suka raini Youth Speaks, wadda aka kafa a 1996 don tarbiyyar matasan sha'irai.

Ba shi kaɗai ya share hanyar ba. A 2000 Danny Hoch da abokansa suka kafa bikin wasan kwaikwayon hip-hop a New York. Wasan Def Poetry Jam ya karɓi lambar yabon Broadway ta Tony a 2003, sha'ira Sarah Jones kuma ta karɓi tata a 2006. A Landan kuma Jonzi D ya buɗe bikin Breakin' Convention a gidan wasan Sadler's Wells a 2004. Saboda haka lokacin da wasan Hamilton na Lin-Manuel Miranda ya cika duniya a 2015, har mutane da yawa suka zaci bidi'a ce da ta faɗo dare ɗaya, haƙiƙa girbi ne na gonar da aka shafe kusan shekara hamsin ana noma. Adalcin tarihi ya wajabta a ambaci manomanta da sunayensu, domin su ne suka tilasta wa gidajen da suka daɗe a rufe su karɓi harshen titi a matsayin adabi, kuma su ne suka zaunar da yara suka koya musu, har sana'ar ta sami silsilar malamai da almajirai wadda za ta riƙe ta bayan su.