Indastiriyal Metal: Kiɗan Zamanin Injuna

Indastiriyal metal salon kiɗa ne da ya ɓullo a Amurka da Birtaniya a ƙarshen shekarun 1980. Yana haɗa rugugin jita mai lantarki da bugun gangar na'ura, har sautinsa ya yi kama da ƙarar masana'anta. Waƙoƙinsa kan siffanta duniyar da injuna da masu mulki suka danne ɗan Adam.

Ƙungiyoyin Ministry ta Chicago da Godflesh ta Birmingham na cikin waɗanda suka share fage. A 1992, bayan Yaƙin Tekun Fasha, Ministry ta sanya muryar Shugaba George H. W. Bush cikin waƙarta "N.W.O." don sukar manufofinsa. Kundin Demanufacture na Fear Factory, wanda ya fito a 1995, labari ne na mutumin da ya yi wa mulkin injuna tawaye.