VC10: Jirgin da Aka Ƙera Domin Zafin Kano

A watan Fabrairun 2020 wani jirgin Boeing 747 ya tsallake tekun Atlantika cikin awa 4 da minti 56, ya karya tarihin da wani tsohon jirgin Ingila mai suna VC10 ya kafa tun 1979. Nan take tsohuwar gardama ta sake tashi: me ya sa jirgi mai irin wannan nagarta ya yi kwantai?

Ingila ce ta fara ɗaukar fasinja a jirgin jet da Comet a 1952, amma haɗurran 1954 suka sa aka tsayar da shi. Tana fara farfaɗowa, Boeing 707 ya shiga aiki a 1958.

Sai dai 707 na farko yana da matsala. Idan rana ta take, iska takan yi sauƙi, jirgi mai nauyi kuma sai ya sami doguwar hanya kafin ya ɗaga. Filayen Kano da Nairobi a lokacin gajeru ne, ga zafi, ga Nairobi a kan tudu. Kamfanin jiragen saman Ingila BOAC ya nemi jirgin da zai iya da su, kamfanin Vickers kuwa ya amsa da VC10. Ya jera injinan Rolls-Royce huɗu a gindin wutsiya, biyu a kowane gefe, ya bar fikafikai fes babu abin da ke rataye, ya ɗora ƙaramin fiffiken baya can saman wutsiya. Jirgin ya fara tashi a 1962, tafiyarsa ta farko da fasinja kuwa Legas ya nufa daga Landan a Afrilun 1964. Ghana Airways da Nigeria Airways duk sun yi aiki da shi. Fasinja sun so shi ƙwarai, don hayaniyar injin tana can baya.

Masu kushe shi na cewa ya fi 707 shan mai, kuma ya makara, tun da an tsawaita filayen jirage kafin ya iso. Duk gaskiya ne. Amma babban abin da ya karya masa gwiwa shi ne wanda ya sa aka ƙera shi. A 1964 shugaban BOAC, Sir Giles Guthrie, ya nemi soke odar manyan samfurin Super VC10 guda 30 domin ya ƙaro 707. Gwamnati ta shiga tsakani, aka tsaya a kan 17. To wane kamfanin waje zai zuba kuɗinsa a hajar da mai gida ke gudu a bainar jama'a? Abin takaici ne matuƙa.

Guda 54 kacal aka ƙera, alhali 707 ya haura 800. Rundunar sojin saman Ingila ce ta ci gaba da morar sa, tana jigilar sojoji da shayar da jiragen yaƙi mai a sama, har zuwa Satumbar 2013.