Gobarar Zamani da Wanda Zai Ba da Umarni: Misali daga Hanyar Falgore

Tun fil azal, gobara a ƙasar Hausa abu ce da ake yi wa gayya. Da zarar an ji kururuwa, kowa sai ya tashi da abin da hannunsa ya kai gare shi, wani da tulu, wani da ƙwaryar ƙasa, wani da ɗanyen ganye, a yi wa wutar taron dangi. Ba a bukatar wani shugaba na musamman, domin abin da ke ci bai wuce jinka da dannin kara da rumbu ba, kuma kowa ya san halinsu. Wanda ya ji kururuwa ya noƙe, ya jawo wa kansa abin faɗi a gari. Wannan al'ada ta yi amfani ƙwarai a zamaninta. Matsalar ita ce, abin da ke kamawa da wuta ya sake, al'adar kuwa tana nan yadda take.

Dajin Falgore ya isa misali. A shekarun 1940 Turawa suka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a 1969 kuma, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka mayar da shi gandun namun daji. A wancan lokaci wutar da masu gadinsa suka sani ita ce ƙunar daji, wadda mafarauta da masu shan zuma kan tayar da rani. Amma titin da ya rabu da hanyar Zariya a Kwanar Dangora, ya bi ta Tudun Wada ya nufi Saminaka da Jos, ta tsakiyar dajin ya ratsa. Da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, da bututu ake tura mai zuwa ma'ajiyar Kano. Da bututun suka lalace, sai dakon ya koma kan tankoki, ko wacce ɗauke da lita 33,000 ko 45,000, har da masu 60,000 kafin gwamnati ta hana su a watan Maris na 2025. Ga shi kuma rafukan dajin a madatsar Tiga suke zubewa, wadda aka gama a 1974, kuma daga nan ne ruwan noman rani na Kadawa da Kura ke fitowa. Watau abin da ya tsiyaye a Falgore ba lalle ya tsaya a Falgore ba.

Fetur ba ya bin ƙa'idar wutar jinka. Tururinsa ya fi iska nauyi, saboda haka yakan kwanta ya bi kwari da lambatu, har ya iske garwashi ko tartsatsi a nesa, wutar ta biyo shi baya. Ruwa ba ya kashe shi, sai ma ya ɗauke shi a ka ya yaɗa shi. Kumfa ake zuba masa. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a daren 15 ga Oktoba, 2024, shi ne tanka ta faɗi, mai ya kwarara a lambatu, jama'a suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Haka aka yi a Yamai a watan Mayu na 2019, haka kuma a mararrabar Dikko ta Jihar Neja ran 18 ga Janairu, 2025. Masu ɗora laifin duka a kan jahilci sun sauƙaƙa wa kansu magana. Bayan cire tallafin mai a 2023, jarka guda ta zama dukiya, kuma ba a taɓa koya wa mutanen nan cewa akwai haɗarin da gudunsa ake yi ba.

Ilmin shugabancin irin wannan wuri, abin mamaki, daga gobarar daji ya samo asali. A 1970 wuta ta yi kwana 13 tana cin dazuzzukan Kalifoniya a Amurka, mutum 16 suka mutu, gidaje wajen 700 suka ƙone. Da aka bi diddigi sai aka ga ba ƙarancin motoci ko ma'aikata ne babban cikas ba. Hukumomi ne barkatai, kowacce da shugabanta da rediyonta da kalmominta, ba mai jin wani. Daga nan aka tsara cewa ko wane haɗari kwamanda ɗaya ne, ko wane ma'aikaci mutum ɗaya yake karɓar umarni daga gare shi, kuma kada shugaba ya riƙe fiye da mutum bakwai, biyar ma ya fi. A 1973 tankar iskar gas ta jirgin ƙasa ta fashe a garin Kingman, ta kashe 'yan kwana-kwana 11 da suka matsa kusa da ita. Bayan bala'in Bofal na ƙasar Indiya a 1984, Amurka ta kafa doka a 1989 cewa wanda zai shugabanci aikin tsiyayar sinadari sai ya sami horo na musamman.

Abin da ake koya wa kwamandan ya saɓa wa jarumtakar da aka saba yabo. Ana so ya tsaya nesa, ta inda iska ke tasowa, a kan tudu, ya fara gane abin da ke cikin tankar. Akwai lambobi na duniya domin haka: 1203 fetur, 1202 man gas, 1223 kananzir, 1075 iskar gas ta girki. Sa'an nan ya raba wurin gida uku, inda haɗarin yake, da inda ake wanke waɗanda suka fito, da inda shi da masu jinya za su tsaya. Littafin jagora na ma'aikatar sufuri ta Amurka ya ce idan fetur ya zuba da yawa a yi tunanin janye mutane mita 300 ta inda iska ta nufa, idan tankar ta kama kuwa mita 800 ta ko wane gefe. Wani lokaci hukuncin da ya fi dacewa shi ne a bar ta ta cinye kanta, a tare bakin rafi da ƙasa.

A Nijeriya dokar kwana-kwana ta tarayya ta 1963 ce. Sharar guba da aka jibge a Koko a 1988 ita ta haifar da sababbin dokokin muhalli, a shekarar aka kafa hukumar kiyaye haɗurran hanya, a 1999 kuma hukumar agajin gaggawa ta ƙasa. Hukumomi dai sun yawaita, kuma wannan shi ne ainihin halin da Kalifoniya ta shiga a 1970. Bugu da ƙari, tsakanin birnin Kano da tsakiyar Falgore ya haura kilomita 100. Kafin motar kumfa ta iso, wanda zai yi kwamandan sa'ar farko shi ne ɗan sandan da ke shinge, ko mai gadin daji, ko dagacin da jama'a ke jin maganarsa. Horon da ya tsaya a barikin birni bai kai ga waɗannan mutane uku ba, alhali abin da ake bukata daga gare su kaɗan ne: su tsayar da motoci daga nesa, su sa a kashe injuna da wutar girki, su hana kowa matsowa da jarka.