Malam Aminu Kano a Aji: Daga Midil ta Bauchi Zuwa Maru, 1942-1950

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci Malam Aminu Kano (1920-1983), abin da yake fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne NEPU da PRP da gwagwarmayar talakawa. Ba kasafai ake tsayawa a kan shekaru takwas da ya yi yana riƙe da alli ba, alhali kuwa a cikinsu ne ra'ayinsa na siyasa ya nuna. Wannan maƙala za ta dubi waɗannan shekaru, tun daga Bauchi har zuwa ƙauyen Maru inda ya ajiye aikin gwamnati.

2.0 Bauchi

An haifi Malam Aminu a birnin Kano a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Yusufu, ma'aikacin kotun Alƙali ne. Ya yi Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, ya gama a 1942, aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi. A can ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin malaman makarantar, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunaninsa.

Malamin bai tsaya ga allo da alli kawai ba. Tun yana ɗalibi yake rubuta wasan kwaikwayo, kuma ya ci gaba da amfani da shi wajen nuna wa yara illar zalunci da jahilci. Da yamma kuma akwai zauren muhawara na Bauchi, inda ma'aikatan En'e da malaman makaranta da Turawan mulki suke zama a tattauna. Zauren bai yi tsawon rai ba, domin tambayoyin da matasan malamai suke yi game da mulkin sarakuna, har da batun albashin Sarki, sun fi ƙarfin abin da hukuma za ta iya jurewa.

A 1946 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan. Bayan ya dawo ne aka kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, shi ne kuma sakatarenta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da malamin elementare yake ƙarƙashin En'e, ba ya da bakin yin ƙorafi a kan albashi ko canjin wurin aiki.

3.0 Maru

Ba a daɗe ba aka mayar da shi Maru, a Lardin Sakkwato na wancan lokaci, yamma da Gusau, ya shugabanci makarantar horon malamai. (Maru tana cikin Jihar Zamfara tun 1996, kuma akwai Kwalejin Ilmi a garin.) A takarda ƙarin girma ne. Amma duk wanda ya dubi nisan Maru daga Bauchi da Kano da Kaduna, inda ’yan boko suke haɗuwa, zai gane dalilin da ya sa ake yi wa wannan canji kallon nesanta shi daga jama'a.

Idan haka aka nufa, to dabarar ba ta ci ba. Ɗaliban Maru su ne za su watsu cikin ƙauyuka su koyar a makarantun elementare, wato an danƙa masa waɗanda za su tarbiyyantar da yaran karkara. Ƙauyen ya kuma nuna masa a fili abin da ya saba yin muhawara a kansa a Bauchi: haraji da jangali, da yadda talaka yake durƙusawa gaban hakimi da dagaci. Dangantakarsa da En'e ta Sakkwato ba ta yi daɗi ba.

A ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa NEPU a Kano, yana Maru a lokacin, kuma ƙa'idar aikin gwamnati ba ta yarda ma'aikaci ya shiga siyasar jam'iyya a fili ba. A watan Nuwamba na shekarar ya ajiye aiki, ya kuma bayyana dalilansa a jaridar Comet. Ya zama shugaban NEPU a 1953. Har ya rasu a ranar 17 ga Afrilu, 1983, bayan ya yi ɗan majalisa da kwamishinan tarayya, jama'a ba su kira shi da wani laƙabi ba sai “Malam”.