Gidan baje zanen zamani na Wida: tarihinsa da tambayar da yake tayarwa

Yawancin gidajen adana kayan tarihi na yankinmu hukuma ce ta kafa su, kamar na Yamai da aka buɗe a 1959. Abin da suke ajiyewa kuwa kayan kaka da kakanni ne, ba aikin masu zane da ke raye ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu dubi wani misali na dabam a maƙwabciyarmu Benin.

A shekarar 1892 sojojin Faransa, ƙarƙashin Kanar Dodds, suka kwashe kayan fadar Sarki Behanzin a Abome. An daɗe ana kafa hujja da cewa ko an maido irin waɗannan kaya, Afirka ba ta da wurin adana su, ba ta kuma da masu zuwa kallo. A 2005 Marie-Cécile Zinsou ta kafa Gidauniyar Zinsou a Kotonu da dukiyar iyalinta, shiga kyauta. Ta fara da ayyukan Romuald Hazoumè, mai ƙera fuskoki da tsofaffin jarkokin da ake fasa-ƙwaurin man fetur da su daga Najeriya. Duk wanda ya san hanyar Maraɗi ya san jarkokin nan. A ƙarshen 2006 ta aro wasu daga kayan Behanzin daga gidan Quai Branly na Paris, jama'a suka yi tururuwa. Hujjar rashin masu kallo ta raunana tun daga nan.

A watan Nuwamban 2013 aka buɗe gidan na dindindin a Wida, cikin Villa Ajavon, ginin 1922 mai fasalin gine-ginen ƴantattun bayin da suka komo daga Barazil. A garin da aka riƙa loda bayi cikin jiragen ruwa, sai ga hotunan Malick Sidibé da Seydou Keïta da zanen Cyprien Tokoudagba a bango. A ganinmu, wannan aiki yana cikin abubuwan da suka share fagen maido da kaya 26 da Faransa ta yi a Nuwamban 2021, ko da yake gwamnatoci ne suka yi cinikin.

Amma akwai inda muke ja da baya. Mahaifin Marie-Cécile, Lionel Zinsou, babban ma'aikacin banki ne, ya kuma riƙe muƙamin firaminista daga 2015 zuwa 2016. Ke nan gidan ya tsiro ne daga arziƙi da matsayin iyali guda. Su ne suka zaɓi wanda za a sayi aikinsa, kuma abin da suka saya shi ne mai bincike zai tarar gobe ya kira shi zanen zamaninmu. Mai zanen da bai shiga idonsu ba, aikinsa yana iya ƙarewa a ɗakinsa ko a hannun ɗan kasuwa a Turai.